Fuskar Asabe a Hannun Afandi

Duk wanda ya ce maka tafiya mabuɗin ilmi ce, tambaye shi da wa ya fita, da wa kuma ya komo. Mu biyu muka doshi gabas da ƙafa za mu aikin hajji, ni da matata Asabe. Abin da na koyo a hanyar nan, wallahi da a kasuwa ake baje shi, ko kyauta ba na ɗauka.

Sunana Tanimu, magini ɗan magini, mutumin Zariya. Ba ɗora tubali kaɗai na iya ba. Ni ake kira in an gama soro a yi masa adon ƙofa: dagi, takobi, allo, duk da yatsa nake fitar da su a kan ɗanyen yaɓe. Lokacin da muka fita 'yarmu ɗaya, ba ta daɗe da yaye ba. 'Yar fari ce, don haka tana ɗakin tsohuwata kamar yadda aka saba. Asabe ko sunanta ba ta faɗa, ko kallonta ba ta yi a gaban mutane, sai dai ta ce "yarinyar nan". Ni ma haka nake. Yanzu da furfura ta rage mini kunya ina iya faɗa, Rabi sunanta. Muka ce shekara biyu mun je mun dawo. Ka ji wauta.

A Abeshe damina ta tsare mu, can kuma Asabe ta haifi ɗa namiji. Kwana tara ya yi. Muka binne shi a gindin wata aduwa, a garin da ba mu san kowa ba, babu ko mai zuwa gaisuwa. Ba ta yi kuka a gabana ba. Da hanya ta bushe ta ɗora kayanta a ka ta ce, "Malam, mu tafi."

A ƙasar Sudan guzuri ya ƙare ƙaf. Muka shiga gonakin auduga na Jazira, shekara huɗu muna sunkuye. Can ba ka da suna, kai Fallata ne kawai, yadda suke kiran duk baƙon da ya fito daga yamma, ko kai ɗan wane ne a garinku. Hannun da ke fitar da dagi a ƙofar manyan Zariya ya koma tsinkar auduga har ya faffashe. Asabe tana tsinka da safe, da yamma ta soya ƙosai a bakin hanya. A nan tari ya kama ta, ɗan ƙaramin tari, muka ce ƙurar auduga ce. Ana nan sai yaƙin Turawa ya toshe teku, muka ƙara zama.

Da hanya ta buɗe muka gangara Sawakin. Ba mu da takardar da ake nema, sai muka bi wani mai jirgin ruwa na katako, mu wajen talatin, a cunkushe kamar kaji a akurki. Ɗan banzan nan ya sauke mu a wata gaɓar da babu ko tsuntsu, ya nuna wani tudu ya ce Jidda na bayansa, ya juya jirginsa. Allah ya isa! Kwana goma sha ɗaya muka yi muna neman bayan tudun nan. Mutum shida suka kwanta a rairayi ba su tashi ba. Wata Balarabiyar daji, da ban san sunanta ba har yau, ta tarar da Asabe a kwance, ta tatso nonon raƙuma ta riƙa ɗiga mata a baki da yatsa. Ba don ita ba da labarin nan a nan ya ƙare.

Ranar da idona ya sauka a kan Ɗakin Allah, wannan ba ni da bakin faɗinta. Na yi kuka, Asabe ta yi kuka, muka manta da komai. Amma Ɗaki daban, mutanen gari daban. Da ka fito ƙofar masallaci ka koma Takari, mai ɗaukar ruwa da kwasar shara. Aka nuna mana Jarwal, inda mutanenmu suka kakkafa bukkoki da gwangwanin kananzir da buhu a jikin duwatsu. Wata tsohuwa, Hajiya Kaltume, wadda a Makka aka haife ta amma kakanta Bakatsine ne, ta dube mu sama da ƙasa.

"Ya waladi, wannan matar taka ai ba ta da lafiya. Ta'alu, ku shigo, akwai ɗaki a baya. Kada ka ce mini komai, halas."

Muka yi aikin hajji a shekarar, na riƙe Asabe a Arfa kamar ƙaramar yarinya. Da mutane suka fara haramar komawa, ita ko randa ba ta iya zuwa sai ta huta a hanya. Tarin ya fara fitowa da jini. Ba batun teku, ba batun Sudan. Muka zauna.

Na sami aiki a gidan wani attajiri da ake wa gyara, ina kwaɓa farar ƙasa. Mai yi wa rufin ɗakuna ado wani Bamisire ne, Rif'atu Afandi, siriri mai tabarau, kullum rigarsa da ɗigon fenti. Wata rana a lokacin hutu na ga ɗanyen yaɓe, hannuna ya yi ƙaiƙayi, na zana dagi da yatsa. Ya tsaya a kaina ya daɗe yana bin zaren da ido, ta inda ya shiga da inda ya fito. Daga ranar ya daina ce mini Takari, ya koma "ya Usta", wato gwanin sana'a. Shekara tara ba wanda ya kira ni da sana'ata. Kai, na ji daɗi, har na ba Asabe labari. Ya gaya mini yana saurayi ya zauna a ƙasar Faransa ya koyi zanen mutane, sannan duniya ta juya masa, ga shi shekara ashirin yana zana furanni a saman kan attajirai. In ya faɗi haka sai ya tofar da yawu.

Wata safiya ina shirin fita Asabe ta ce, "Malam, zauna."

Na zauna.

"Ni na san ba zan ga gida ba. Kada ka ce komai. Yarinyar nan ba ta san fuskata ba. Ko lokacin da muke tare ban taɓa tsayawa ta kalle ni ba, ina jin kunyar Inna. Kai mai zane ne. Ka zana ni ka kai mata."

Ni da ban taɓa zana ko ƙadangare ba! Na gwada a bayan ɗaki da gawayi, abin da ya fito ko ƙwarya ta fi shi kama da mutum. Mai ɗaukar hoto kuwa sai Jidda, ita ko ƙofar gida ba ta kaiwa. Sai Afandi ya faɗo mini a rai. Amma na ji tsoro, a garin Ɗakin Allah muke, ga ta a bakin kabari, kada in jawo mata abin da zai hana mala'iku shiga ɗaki. Na je wurin wani malami a unguwarmu. Ya ce surar mai rai haramun ce in ta cika, amma in an yanke ta ko an raba ta yadda mai irin wannan siffa ba zai rayu ba, to ta fita daga sura. Ya ce shi ya sa wasu kan ja layi a wuya.

Da Larabcina na gonar auduga na kai wa Afandi maganar. Na ce ina son fuskar matata don 'yarta, amma malam ya ce sai an raba surar. Ban san kalmar layi ba, sai na ce "a karya ta". Ni ɗan siririn layi a wuya nake nufi. Sai na ga idon mutumin nan ya kawo haske a bayan tabarau, ya kama hannuna biyu.

"Ya Usta, ka zo wurin da ya dace. Ina da hanyar da babu malamin da zai ce sura ce, kuma ta fi kowace sura gaskiya."

Na yi ta godiya kamar wawa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kwana goma sha biyu yana zuwa Jarwal da hantsi. Hajiya Kaltume ta ce ba za a yi abin kunya a gidanta ba, ta kafa tabarma a tsakani tana jan carbi tana harararsa. Mukan jingina Asabe da bango, ta ɗaura zanenta na saƙi, wanda ta fito da shi daga gida ta hana kanta sayarwa ko a Jazira. Afandi ba ya zama wuri ɗaya. Ya duba ta gaba, ya koma gefe, ya tsuguna, ya hau turmi ya leƙo ta sama. "Ta juya. Ta ɗaga haɓa. Ta sake juyawa." Kowace juyawa sai ta yi tari. Ina ganin takardunsa: wannan kunne kaɗai, wannan gefen hanci, wannan tsagar kumatunta guda uku, wannan yatsu a kan gwiwa. Na ce a raina ai haka gini yake, tubali-tubali, in ya je gida zai haɗa.

Unguwa kuwa ta ɗauka. Wai Tanimu yana kawo farin mutum yana kallon matarsa. A wurin ɗiban ruwa wani ya ce da ni, "Magini, nawa ake biya a kalla?" Na ajiye garwa na shaƙe shi sai da aka ɓamɓare ni. Asabe ta ji komai, bangon buhu ba ya ɓoye magana. Ta ce, "Bar su. Kwana nawa ya rage?" Kullum in Afandi ya tafi sai ta kwanta kamar an zare mata laka, Hajiya tana yi mata fifita tana cewa, "Haram alaik, ya waladi, kuna ƙarasa ta." Ni na san ƙarfinta na ƙarshe muke ci. Ban hana ba saboda ita ta roƙa.

Ya ɗauke ƙafa mako biyu yana aiki a ɗakinsa. Ran nan sai ga shi da abu a rufe da mayafi, yana tafe yana murmushi kamar ango. Ya jingina shi a tsakar gida ya yaye.

Na duba. Na sake dubawa. Na ce ko a kife yake.

Babu fuska. Wasu gutsattsari ne masu kusurwa, launin toka da launin ƙasa, sun hau kan juna kamar an fasa tulu an tattara da tsintsiya. Can ga rabin ido. Can ƙasa ga wani abu kamar haɓa, ga wata haɓar kuma ta kalli wani wajen. Hajiya Kaltume ta ce, "A'uzu billahi!" ta ja mayafinta.

Na ce, "Afandi, ina matata?"

"Ga ta nan gaba ɗaya, ya Usta. Saurara. Sau nawa ka yi ɗawafi? In ka tsaya wuri ɗaya, bango nawa na Ɗakin kake gani?"

"Biyu."

"Amma ka san huɗu ne, saboda ka kewaya. To don me zan tsaya wuri ɗaya in ce na ga mutum? Na kewaya ta. Abin da na gani ta gaba, da ta gefe, da ta sama, na warware shi ɗaya-ɗaya na shimfiɗa a wuri guda. Haka wasu suka fara yi a can Faransa lokacin ina saurayi, sun gaji da ƙaryar ido ɗaya."

"To launin fa? Matata baƙa ce mai haske, zanenta shuɗi. Wannan toka ce!"

"Launi kwalliya ne, yana ɗauke hankali. Kai magini ne. In kana son sanin yadda aka yi soro, yaɓen za ka tsaya kallo, ko za ka duba yadda azara ta hau azara?"

Abin da ya fi ƙona mini rai, na gane maganarsa. Wallahi na gane. Na ga yadda ya bi ƙashin kumatu, yadda kowane gutsure ya tokare ɗan'uwansa, babu wanda za ka cire sauran su tsaya. Aikin gwani ne. Amma a lokacin na kuma gane abin da ya yi mini. Shekara ashirin yana neman wanda zai zauna masa ya yi irin wannan, bai samu ba sai matar Takari mai mutuwa. Ba Rabi ya yi wa aiki ba, kansa ya yi wa.

Na ce, "Ni na kawo ka ka rushe mini mata ka ƙirga azara? Yarinya ce za ta duba! Yarinya 'yar Zariya da ba ta san uwarta ba! Ka san kwana goma sha biyun nan me suka ci?"

"Kai ka ce a karya ta."

"Layi! Layi a wuya, ɗan wannan!" Na ja yatsa a maƙogwarona. Ya dube ni, murmushin ya tafi.

Na ɗauki taɓarya zan farke abin. Sai muryarta daga ɗaki: "Malam. Kawo in gani."

Na kai mata. Hajiya ta tallafe ta. Ta daɗe tana kallo, har na zaci ta manta da mu. Sannan ta miƙa yatsa.

"Ga kunnena. Ga wani kunnen kuma, har uku ya ba ni." Ta yi 'yar dariya, tari ya karɓe. "Ga tsagar gidanmu. Ga saƙin zanena a nan, ka gani? Ga hannuna." Ta juyo gare ni. "Ka bar faɗa da shi, Malam. Bai yi ƙarya ba. Tun Abeshe haka nake jin kaina."

Sai ta kawar da kai wajen bango ta ce, "Amma Rabi ba za ta gane ni ba."

Tunda aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar.

Na bi Afandi har bakin hanya, ni da na ɗaga masa taɓarya, na durƙusa a cikin ƙura. Na ce ya dubi Allah ya dawo ya yi mini irin na kowa, ido biyu, hanci ɗaya, ko a takarda ne. Ya ce irin wannan aikin mai ɗaukar hoto ne, shi ya rantse ya daina. Sannan wai in ba na so in ba shi wancan, shi ne abu mafi kyau da ya taɓa yi a rayuwarsa. Ka ji fa! Na ce ko za a binne ni da shi ba zai ƙara taɓa shi ba.

Ban san abin da ya juya shi ba. Kwana uku bayan haka sai ga shi da hantsi, da farar takarda da gawayinsa, kansa a ƙasa. Ya tarar mata sun cika gidan, Hajiya Kaltume tana ɗumama ruwan wankan gawa. Ya tsaya a ƙofa. Ya bi mu har masallaci, ya sa kafaɗarsa a makara, ya bi mu maƙabarta. A can ba a sa alama a kabari, kana juya baya ka rasa wanne ne naka. Daga baya ya gwada zana ta da ka, ya kawo mini. Wata Bamisiriya ce ya shafa wa baƙi. Na mayar masa. Ban yafe masa ba, ban kuma iya tsine masa ba, har yau abin yana nan a maƙale.

Na cire ƙyallen zanen nan na farko daga katakonsa na naɗe, Hajiya ta ɗinka masa jaka da ragowar zanen saƙin. Da zan tafi ta ce, "Ya waladi, ka gaya wa yarinyar uwarta mai haƙuri ce. Wannan ya fi wancan shirmen." Komowa ba ta yi wuya kamar zuwa ba, an sami jirgin ƙasa da motocin kaya, wata bakwai na iso. A hanya in an yada zango nakan buɗe shi. Wani abin haushi, da watanni suka tafi sai na ga in na rufe ido ba na iya haɗa fuskarta gaba ɗaya. Kunne ke zuwa, ko gefen wuya in tana tuƙa tuwo, ko wushiryarta. Yadda Afandi ya yi, haka kaina ya koma yi. Na ƙara jin haushinsa.

Na shiga Zariya shekara goma sha ɗaya bayan fitata. Tsohuwata tana raye, ido ya tafi. Aka yi kuka, aka yi gaisuwa, aka watse. Wata doguwar yarinya ta kawo mini ruwa ta durƙusa nesa, ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Ba ta ce Baba ba. Sai da na kwana biyu kafin na iya kiranta zaure.

Na ce, "Uwarki ta aiko miki da saƙo. Ta zauna kwana goma sha biyu tana ciwo don ki san fuskarta."

Na ga yarinyar nan ta gyara zama, ta goge hannunta a zane, numfashinta ya canza. Na warware ƙyallen a kan tabarma. Ta sunkuya. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Na fara nuna mata da yatsa: ga kunnenta, ga tsagarta, nan ido ne, in kin duba ta nan haɓa ce, mai zanen kewaya ta ya yi. Ina ta zuba irin maganar Afandi, ni da bakina.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ɗago ta dube ni, karo na farko ido cikin ido.

"Baba, wa ya fasa ta?"

Na buɗe baki zan ce wani Bamisire ne. Sunan ya zo har kan harshena ya tsaya, don Afandi a Jarwal ya same ta, ba shi ya ce ta ɗauki kaya ta bi shi gabas ba. Rabi ta jira, ta jira. Da ta ga ba zan amsa ba, ta naɗe ƙyallen a hankali, ta rungume shi ta shiga cikin gida.